Jiƙa, da Abin da Ya Shiga Cikin Mutum

Ran da aka yi ruwan fari yara su kan fita da gudu suna murna, amma manomi mai hankali ba ya ɗaukar iri tukuna. Da sassafe ya kan tafi gona, ya durƙusa, ya tona ƙasa da hannunsa. In ya tarar laima ta tsaya a bisa, ƙarƙashi kuwa busasshen rairayi ne, sai ya karkaɗe hannu ya komo gida, ya ce, "Ƙura kaɗai aka kashe." In kuwa ya tona har wuyan hannu bai kai ga busasshiya ba, sai ya ce, "Ƙasa ta jiƙu," ya kira mutanen gidansa a fita shuka. Ga ido duka biyu ruwa ne aka yi, amma abincin shekara yana rataye a kan bambancin nan.

A wannan wata muna so mu yi tunani tare a kan kalmar nan, jiƙa. Kullum tana bakinmu, a gona da madafa da kasuwa. In mun bi ta a hankali za ta kai mu ga wata tambaya mai nauyi, wadda ta kan raba dattawa a wurin shari'a, ta kan kuma hana iyaye barci. Ga tambayar: idan halin mutum shi ne abin da aka jiƙa shi a ciki tun yana ƙarami, to, sa'ad da ya yi laifi, laifin na wane ne?

Kalmar da danginta

Da fari mu lura da rubutu. Jiƙa mai ƙ da lanƙwasa dabam ta ke da jika, watau ɗan ɗanka ko ɗan 'yarka. Wanda ya manta da lanƙwasar nan cikin wasiƙa ya kan ba mai karatu dariya. Daga jiƙa mu ke samun jiƙe, kamar mutumin da ruwa ya buga a hanya ya jiƙe sharkaf. Akwai jiƙu, watau abu ya sha ruwa yadda a ke so. Akwai kuma jiƙo, ruwan da aka bar saiwa ko ɓawon itace ko kanwa a ciki har ƙarfinsu ya fito. Har cikin faɗa kalmar ta kan shigo, gama marowacin da ya hana aron abinsa a kan ce masa ya jiƙa ya sha.

Hausa tana da kalmomi da yawa na haɗa abu da ruwa, kowace da iyakarta. A kan yayyafa ruwa a tsakar gida kafin shara. A kan shafa shi a fuska. A kan tsoma yatsa a cire nan da nan. Cikin waɗannan duka baya kaɗai ruwan ya taɓa, kafin a jima kuwa rana ta ɗauke shi. Jiƙa ta fi su nisa, tsima kuma ita ce jiƙa da ta daɗe.

Abu uku mu ke gani duk inda aka yi jiƙa ta gaskiya. Na ɗaya, tana cin lokaci. Na biyu, ruwan ya kan kai har tsakiya. Na uku, abin ba ya fitowa yadda ya shiga. Uwargida ta jiƙa gero da dare, da safe ya yi taushi, ta niƙa ta tace ta sami kamu na koko. Magini ya jiƙa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta kwana, ya tattake, sa'an nan ta kama ta zama tubali. Ba wanda ya taɓa mai da kamu gero.

Jiƙa mai sa abu ciki

Wanda ya je Kano ya ga marina ta Ƙofar Mata ya ga jiƙa a wurin da ta fi bayyana. Marini ya kan zuba ruwa cikin karofi, ya sa baba da toka da katsi, ya yi ta motsawa kwanaki har ruwan ya nuna. Sa'an nan ya tsoma farin zane, ya matse, ya ɗaga shi sama. Abin mamaki, sa'ad da zanen ya fito kore-kore ya ke, sai ya sha iska ya ke juyewa shuɗi. Marini ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, sau da yawa. Tsomi kaɗan ya kan ba da launi mai haske, tsomi mai yawa ya kan kai ga baƙi mai duhu. Ba rana ɗaya da za a nuna a ce ita ce ta mai da zanen baƙi. Maimaitawa ce ta yi aikin.

Haka kuma majemi. Ɗanyar fata in an bar ta, kwana kaɗan ta ruɓe ta yi wari. Amma majemi ya kan jiƙa ta har gashi ya saki, ya kankare, ya tsima ta cikin ruwan bagaruwa. Ƙarfin bagaruwa ya ratsa fatar duka, sai ta zama kirgi mai shekaru. Da irin wannan aiki fatar jar akuya ta Sakkwato ta ƙetare hamada, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, domin ta can ta ke isa gare su.

A zamaninmu ga wani misali a ɗakin kowa, watau gidan sauro mai magani. A shekarar 1991 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Gambiya, wanda ya nuna gidan sauro da aka jiƙa da maganin ƙwari yana rage mutuwar ƙananan yara. Amma na farkon nan suna da wahala ɗaya. Maganin a bayan zare ya ke zaune, wanki yana cire shi, tilas a sake jiƙawa bayan wata 6 zuwa shekara 1, mutane kaɗan ne kuwa su kan tuna. Daga baya aka ƙera waɗanda maganin ya kama zaren sosai, waɗansu ma tun wurin narka robar zaren a ke haɗa shi ciki. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa musu shi ne su jure wanki 20 da amfani na shekara 3. Duka biyu kamarsu ɗaya ran da aka rataye su. Wanki ne ya ke nuna wanda abin ya shiga cikinsa.

Jiƙa mai fitar da abu

Kada mu yi tsammani zubawa kaɗai jiƙa ta ke yi. Ta kan kuma fitar. Rogo mai ɗaci yana da dafi a cikinsa. Inda shi ne abincin kullum, mata sun daɗe da sanin maganinsa: a feƙe shi, a jiƙa cikin ruwa kwana 3 ko fi, har ya yi laushi, a shanya ya bushe sarai. Ruwa da kwanaki su ne su ke karya dafin. A ƙasar Bandundu ta Kongo likitoci sun gane cewa inda aka rage jiƙon zuwa kwana 1 ko 2, saboda yunwa ko gaggawar kai gari kasuwa, nan ne wata cuta mai suna konzo ta ke kama mutane. Ta kan shanye ƙafafu farat ɗaya, yara da mata sun fi shan wuyarta, wanda ta kama kuwa ba ya komawa yadda ya ke a dā. Garin da aka yi wa gaggawa fari ne fat kamar na kirki.

Mu riƙe wannan, gama za mu bukace shi nan gaba. Abin da ya shiga da daɗewa, da daɗewa ya ke fita.

Taki ba ya aiki sai ya jiƙe

Saiwa ba ta da haƙora, sha ta ke yi. Saboda haka komai yawan takin da aka zuba a gona, ba ya amfanin shuka sai ruwa ya narkar da shi ya kai shi ƙasa. Kakanninmu sun san wannan. Manoman kewayen Kano su kan yi jigilar taki da shara daga birni a mangala bisa jakuna tun da rani, su tsuga a gona, su jira ruwa. Waɗansu su kan roƙi Filani su sauka da shanu a gonarsu bayan girbi, su ba su hatsi. Sun kuma san gawo, wanda ya kan zubar da ganye da damina, gero kuwa ya fi kyau a ƙarƙashinsa.

Takin zamani daga wani wuri ya fito. Cikin iskar da mu ke shaƙa, kashi 78 cikin 100 wani abu ne da a ke kira naitirojin, shi ne kuwa babban abincin shuka, amma gero da dawa ba su iya ɗaukarsa daga iska. A 1909 wani masani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna hanyar kama shi, a 1913 kuma Carl Bosch ya kafa masana'anta ta fari a Oppau. Masana sun ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya yau suna cin abincin da irin takin nan ya ba da. Amma a yaƙin 1914 zuwa 1918, da wannan hanya Jamus ta sami kayan yin albarushi. Abu ɗaya ya ciyar, ya kuma kashe, bisa ga hannun da ya riƙe shi.

Ko a gona ma sai da ma'auni. Yuriya tana da ƙarfi ƙwarai, kashi 46 cikin 100 na nauyinta naitirojin ne. In an zuba ta a jikin shuka sai ta ƙone ta. In an bar ta a fili cikin rana, ƙarfinta mai yawa ya kan bi iska. Malaman gona suna koya mana a sa ta gefe kaɗan, a rufe da ƙasa, lokacin da akwai laima. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai, an gwada an ga ɗan taki kamar cikin murfin kwalba, wajen giram 6, in an sa shi a kowane ramin shuka, yana ƙara amfanin gero sosai. Ruwa ma haka ya ke. Gero in ya tsaya cikin ruwa kwanaki sai ya yi rawaya ya mutu, gama saiwarsa tana bukatar iska, shinkafa kuwa a nan ta ke jin daɗi.

Mutum ma jiƙaƙƙe ne

Yanzu mu komo ga tambayarmu. Ba yaron da ya zaɓi gidan da za a haife shi. Kafin ya san dama da hagu ya riga ya sha harshen gidansu, da yadda a ke gaisuwa, da yadda ubansa ya ke magana da uwarsa, da abin da a ke yi in baƙo ya manta da kuɗinsa a zaure. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa waɗannan. Tsoma shi aka yi ta yi, yau da gobe.

Mun san wani yaro da aka kai birni yana da shekara 9, aka ba wani mai awon hatsi. Shekara 11 ya yi a rumfar nan. A nan ya koyi bugun gindin mudu don ya rage ci, da sa mai kyau a bakin buhu da marar kyau a ƙasa, da rantsuwa a kan abin da ya san ƙarya ne. Ran da ya yi awo na gaskiya, mari ya kan sha. Da ya komo gida, domin ya iya lissafi, sai aka ba shi riƙon rumbun ƙungiyar manoma. Da bazara aka buɗe aka auna, aka tarar buhu 4 sun ɓace.

Dattawa suka zauna, maganarsu ta rabu biyu. Wani ya ce, "Hali zanen dutse ne. Ɓarawo ɓarawo ne, a kore shi daga garin nan." Wani kuma ya ce, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mu muka kai shi can, me mu ke so ya koyo? Ba shi da laifi." Bari mu auna maganganun nan biyu, gama kowannenmu ya taɓa faɗin ɗaya daga cikinsu.

Mai magana ta fari yana so ya ce mutum shi kaɗai ya yi kansa. Amma aikinsa ya ƙaryata bakinsa. Don me ya ke hana 'ya'yansa zama da 'yan caca? Don me ya ke binciken asalin gida kafin ya ba da 'yarsa aure? Ashe ya gaskata jiƙa tana aiki. Yana tunawa da ita in ana zancen 'ya'yansa, ya manta da ita in ana zancen ɗan wani. Da shi aka kai rumfar nan yana ɗan shekara 9, ba ya iya rantsewa cewa mudunsa zai fito ba lotsawa.

Mai magana ta biyu ya fi tausayi, amma in mun bi maganarsa har ƙarshe za ta kai mu rami. Idan yaron ba shi da laifi don an jiƙa shi, to, mai rumfar ma ba shi da laifi, gama shi ma wani ne ya jiƙa shi. Haka za mu yi ta komawa baya, ba za mu sami wanda za a tambaya ba. Yabo ma ya faɗi ke nan, domin mai gaskiya sa'a kawai ya yi. Gwauruwar da hatsinta ya ke cikin buhunan nan 4, wa za ta kai wa kuka? Shi kansa yaron, da wani ya sace masa akuya, ba zai yarda a ce masa ɓarawon a mugun gida ya tashi, a bar maganar ba. Banda haka, mun sha ganin 'yan'uwa biyu, ciki ɗaya, tukunya ɗaya, ɗaya ya fito amintacce, ɗaya macuci. Ba banza ba Hausawa su kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ina gaskiya ta ke? Muna gani tana wurin da misalin zane ya ƙare. Zane ba ya sanin yana cikin karofi, ba ya kuwa iya fita. Mutum, in hankalinsa ya kawo, ya kan iya duban kansa ya ce, "Wannan abin da na saba, mugu ne." Yaron nan ya san buhunan ba nasa ba ne, shaida kuwa ita ce da dare ya kwashe su. Mai ɓoyewa ya sani. Aristotal, malamin Helenawa wanda ya mutu shekara 322 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar cewa hali daga maimaita aiki ya ke ginuwa, ya kuma kwatanta mai mugun sabo da wanda ya jefa dutse: bayan ya saki ba ya iya komo da shi, amma jifan a hannunsa ya ke tun fari. Muna ƙarawa da cewa akwai waɗanda aka kama hannunsu aka yi jifan da shi tun suna yara, ba daidai ba ne a auna su da mudun da a ke auna wanda ya ɗauki dutsen da ganin damarsa.

Saboda haka bashi biyu ne, kowane da mai shi. Abin da aka zuba cikin yaro kafin ya iya zaɓe yana wuyan waɗanda suka zuba, da waɗanda suka gani suka yi shiru. Abin da ya aikata bayan ya sani yana wuyansa, nauyinsa kuma yana ƙaruwa gwargwadon saninsa da ikonsa. Ɗaya ba ya share ɗaya. Laifin aiki a fili ya ke, ana iya ƙirga buhuna. Amma yawan kokawar da mutum ya yi a zuciyarsa kafin ya faɗi, wannan a ɓoye ya ke. Don haka ya kamata mu yi saurin tsai da mugun aiki, mu yi jinkirin yanke wa mutum ƙauna.

A ƙarshe dattawan nan suka tsaya a kan cewa yaron zai biya buhu 4 cikin kaka biyu, a karɓe mabuɗin daga hannunsa, kawunsa da ya kai shi birni ya ɗauki buhu ɗaya daga ciki, a kuma haɗa shi noma da wani tsoho wanda gari duka ya shaida gaskiyarsa. Ya biya. Har yanzu ba a mayar masa da mabuɗi ba, shi ma bai nema ba.

Ko fako ya kan jiƙu

Wani zai ce, "To, wanda zuciyarsa ta riga ta taurare fa?" Manoma sun san irin ƙasar da a ke kira fako. Ta daskare kamar daɓe, ko an kwana ana ruwa sai ya bi ta kanta ya wuce. Shekaru da yawa an ɗauka ta mutu ke nan.

Wajen 1980, bayan babban fari, wani manomi a Yatenga ta ƙasar Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, ya ɗauki wata tsohuwar dabara ta kakanninsa da su ke kira zai, ya gyara ta. Da rani ya kan haƙa ramuka a kan fako, ya faɗaɗa su, ya zuba taki cikin tafin hannu a kowane rami. Maƙwabta suka yi masa dariya. Amma gara ta kan zo neman takin, ta huda ƙasa ta yi hanyoyi. Da ruwa ya sauka sai ya taru cikin ramin, ya bi hanyoyin gara ya shiga ciki. Hatsi ya tsiro inda ba a taɓa gani ba, daga baya har itatuwa suka zama kurmi. A 1989 waɗansu manoma daga Illela ta ƙasar Tawa a Nijar suka je suka gani, suka komo suka yi, dabarar ta bazu da sunan tassa, har mutane suka fara sayen fako da kuɗi. An ba Sawadogo wata babbar lambar girma ta duniya a 2018, ya rasu a 2023.

Ku lura da yadda aka yi. Ba ƙara ruwa aka yi ba, gama ruwan sama yana nan yadda ya ke. Wuri aka yi masa inda zai tsaya. Aikin kuwa da wuya, an ƙiyasta kadada ɗaya tana cin wajen awa 300 na haƙa, cikin zafin rani, kafin a ga ko tsiro ɗaya. Mai taurin zuciya ya sha jin faɗa, duka ya bi ta kansa ya wuce. Abin da bai samu ba shi ne mutum ɗaya da zai zauna kusa da shi, ya ba shi ɗan aiki na amana daidai ƙarfinsa, ya jira. Nasiha ta rana ɗaya ba ta fitar da abin da shekara 11 suka zuba, kamar yadda jiƙon kwana 1 ba ya fitar da dafin rogo.

Abin da ya rage gare mu

Na ɗaya, mu iyaye da malamai mu san cewa mu ne ruwan karofi. Abin da mu ke faɗa wa yara sau ɗaya a mako yayyafi ne. Abin da su ke gani muna yi kowace rana shi ne ya ke shiga zare. Uban da ya ce wa ɗansa, "Je ka ce ba na nan," ya riga ya koyar da darasin ranar, ko da ya yi dogon gargaɗi a kan ƙarya da daddare.

Na biyu, mu san inda 'ya'yanmu su ke tsime. Kafin mu ba da yaro riƙo ko koyon sana'a, mu bincika gidan kamar yadda mu ke binciken aure. Yau kuma akwai karofin da ya ke shiga aljihu. Yaron da ya kwana da wayar hannu a ƙarƙashin mayafi har tsakar dare, waɗansu ne su ke jiƙa shi, iyayensa kuwa ba su san ko sunansu ba.

Na uku, mu riƙe ma'auni. Faɗa safe da yamma kamar yuriya ce a jikin shuka, ta kan ƙone kunya, yaro ya daina ji. Shagwaɓa kuma kamar ruwa ne da ya kwanta a gonar gero. Yara ma ba iri ɗaya ba ne, abin da ya gyara wa ya kan karya ƙane.

Na huɗu, mu manya ba mu wuce jiƙuwa ba. Inda mu ke zaman hira kowace yamma, da abin da mu ke saurara, suna ci gaba da rina mu har tsufa. A nan kuwa ba mu da wanda za mu ɗora wa, gama da ƙafarmu mu ke zuwa.

Akwai wata magana da kunne ya kan haɗa da kalmarmu. In mutum ya rasu a kan ce, "Allah ya jiƙansa." Asalinta dabam ne, daga jin ƙai ta fito, watau tausayi. Duk da haka ba mu ga laifin wanda ya ji ta ya tuna da ruwa a kan busasshiyar ƙasa ba. Amma don me za mu ajiye jinƙai sai mutum ya mutu? Mai laifin da ya ke zaune a cikinmu yau ya fi bukatarsa, tare da gaskiya da biyan abin da ya ci.

Muna roƙon kowane mai gida da ya karanta wannan ya yi abin da manomi ya ke yi bayan ruwan fari. A daren yau ya kira yaransa, ya zauna da su, ya tambaye su abin da suka ji da abin da suka gani yini guda, ya saurara har su gama. Da haka zai san ko abin da ya ke koya musu ya kai ƙasa, ko kuwa ƙura kaɗai ya kashe.